Me kalmar SNOW ke yi a motar da ke Damagaram?

A fadarmu ta bayan la'asar, nan unguwar Zongo, wani Alhaji maƙwabcinmu ya zo da sabuwar motarsa a watan jiya. Sabuwa a wurinsa dai, don takardunta sun nuna ta haura shekara goma a Kanada kafin jirgin ruwa ya sauke ta a Lome. Lexus RX 450h ce, baƙa wuluk, ta sha wanki tana ɗaukar ido. Direbansa yaro ne mai bin ƙwaƙƙwafi, yana ta latse-latse a jikin sitiyari har wata kalma ta fito a allon gabansa: SNOW. Da yake an san na yi hunturu huɗu ina karatu a Montireyal ta Kanada, sai aka juyo kaina.

"Malam, wannan kuma na mene ne?"

Na ce na tafiya a kan dusar ƙanƙara ne. Aka kwashe da dariya. Alhaji ya kurɓi shayinsa ya ce, "To ka ji. Motar da ta iya da ƙanƙara, yashin hanyar Tanut me zai yi mata?"

Maganar nan ta Alhaji tana ɗauke da kuskure biyu. Na farko, motar ba ta iya da ƙanƙara ba, tana dai lallaɓawa ne. Na biyu, yashi da ƙanƙara ba uwa ɗaya ta haife su ba, kuma rabin dabarun da direban Sahara ya ƙware a kansu, in ya kai su ƙasar ƙanƙara, su ne za su kai shi rami. Batun ya shafe mu ta hanya biyu: ƙannenmu da ƴaƴanmu na ta tafiya karatu da neman abinci a Kebek (lardin da Montireyal take) da Faransa da Jamus, sannan motocin da suka gama shan wannan sanyi su ne muke saye a nan.

Ƙanƙarar da muka sani ita ce mai faɗowa da damina, ta yi ta ƙwanƙwasar kwanon rufi, kafin ka tsinta ta narke. Dusar ƙanƙara wata aba ce daban. Tana sauka shiru kamar audugar da aka shiƙa, kuma ba ta narkewa, sai dai yau ta hau kan ta jiya. A Montireyal abin da ke zuba a shekara ya kai kimanin mita 2, watan Janairu kuwa awon sanyi na yawo ne wajen digiri 10 ƙasa da sifili. Mu nan in jaura ta kaɗa awo ya sauko zuwa 12 ko 13 sama da sifili, sai a ga kowa ya naɗe a bargo ana jin wuta. Ko a Saharar tamu ta taɓa sauka, a garin Ain Sefra na Aljeriya a 2016 da 2018, amma ta hoto ce, kafin a ankara ta tafi.

A kan hanya kuma kala-kala ce. Sabuwar zuba mai laushi ba ita ce abar tsoro ba. In motoci suka tattake ta, ta daskare, ta koma kamar daɓe mai santsi. In aka watsa gishiri, sai ta zama caɓi mai jan taya gefe. Uwarsu duka ita ce wadda ba a gani: ruwa ne siriri ke daskarewa a kan kwalta, ka hango hanya baƙa tamkar wadda aka yi wa yayyafi, alhali gilashi ne shimfiɗe. Gada ce ke fara kamawa, don iska na bi ta ƙarƙashinta da samanta.

Yanzu motar. Irin wannan ruwa biyu ce, abin da ake ce wa haibirid: injin fetur da injinan lantarki ne ke haɗa ƙarfi, kwamfuta na raba musu aiki. Toyota ta fara sayar da irin wannan tsari a Prius a 1997, sannan a 2005 ta kai shi ga manyan motocin alfarma da Lexus RX 400h, RX 450h kuma ta gaje ta a 2009. Abin da ya kamata mutumin Damagaram ya fara ganewa shi ne, ba kat-kat ba ce irin Land Cruiser ko Hilux da ya saba da su. A waɗancan akwai farfela, wato ƙarfen da ke ɗaukar ƙarfin inji ya kai wa tayoyin baya, akwai kuma ƙaramar giya ta fita daga yashi. A wannan babu ko ɗaya. Tayoyin gaba su ne ke jan mota kusan kullum. Na baya kuwa suna da ɗan injinsu na lantarki, mai ƙarfin kilowat 50, doki 68 ke nan, kuma ba abin da ya haɗa shi da injin gaba sai wayoyi. Yana shigowa ne lokacin tashi, ko in an taka totur sosai, ko in kwamfuta ta ji tayar gaba ta fara sulɓewa. Da an miƙe hanya sai ya saki.

A dusar ƙanƙarar cikin gari wannan tsari na da kyau ƙwarai, don lantarki ba ya jira, yana amsawa tun direba bai san taya ta zame ba. Amma wannan saurin shi ne kuma matsalar. Injin lantarki na ba da dukkan ƙarfin murɗarsa tun daga tsaye, ba sai ya ɗau zafi ba, kan santsi kuwa ba abin da ake gudu irin ƙarfi farat ɗaya. Aikin SNOW ke nan: ya sanyaya totur, ta yadda ko ƙafarka ta yi nauyi motar za ta tashi a hankali. A motoci masu giyar otomatik ta gargajiya, irin wannan maɓalli kan sa mota ta tashi a giya ta biyu. Ba ya ƙara wa taya riƙo ko na ƙwayar zarra, ba ya taɓa birki.

Akwai kuma na'urar da ke hana taya wulwulawa a banza. A motoci masu ruwa biyu tana da tsanani, saboda in taya ta yi ta juyawa a iska sannan ta cafki ƙasa kwatsam, injinan lantarki da haƙoran giya ne za su ji a jikinsu. Shi ya sa in ka kafe a dusar da ta kai gwiwa, za ka danna totur har ƙasa ka ji motar ta yi maka kunnen uwar shegu. Samfuran baya-bayan nan an sa musu maɓallin kashe na'urar na ɗan lokaci, don a yi gaba a yi baya har a fita. Wanda ya taɓa kafewa tsakanin Gure da Difa ya riga ya gane abin da wannan hali ke nufi a yashi.

Duk abin da na faɗa zuwa nan maganar tashi ce. Matsalar hunturu kuwa tsayawa ce. Mota mai jan taya huɗu da ƴar ƙaramar mota mai jan biyu, dukkansu birki huɗu gare su. Duk girman motar Alhaji, da tan biyunta da ɗoriya, abin da ke taɓa ƙasa a kowace taya bai fi tafin hannun babban mutum da yawa ba. Mu ɗauki gudun kilomita 50 a awa, gudun cikin gari. Daga lokacin da birki ya kama, a busasshiyar kwalta mota za ta tsaya a wajen mita 14. A dusar da aka tattake, wajen mita 40. A kan gilashin ƙanƙara, kusan mita 100, tsawon filin ƙwallo ke nan. In ka ninka gudu, nisan ba ninki biyu yake yi ba, huɗu yake yi.

A nan ne babbar mota ke yaudarar mai ita. Ƙaramar mota na faɗa wa direbanta gaskiya tun a ƙofar gida: tana tashi tana zillo, sai ya shiga taitayinsa. Ita kuwa ta alfarma ta tashi sumul, ciki shiru, kujera na ɗumama maka baya, ba ka jin komai daga ƙasa. Ba za ka san hanya ta lalace ba sai ka nemi birki.

Ni ma da kaina na sha wannan darasi. Ƙarshen Nuwamba ne, shekarata ta farko, dusar fari ta zubo da dare. Na ari irin wannan babbar mota a hannun wani yayanmu ɗan Maraɗi da ya daɗe a can, zan ɗauko baƙo. Na fita ina jin kaina, ai ni na yi tuƙi a hanyar Agadas. Na doshi wata mahaɗa da gudun da bai kai 40 ba, na taka birki. Sai na ji fedar tana kakkarwa a ƙarƙashin ƙafata, gir-gir-gir, kamar injin markaɗe. Na ɗauka wani abu ne ya karye, na ɗage ƙafa. Kuskuren ke nan. Motar ta ci gaba da tafiya salun-alun, sitiyari ya zama kamar faifai a hannuna, na murɗa hagu ta ƙi, har ta je ta cusa hanci a tulin dusar da ke bakin hanya. Wata tsohuwa na share ƙofar gidanta da shebur. Ba ta ce mini uffan ba. Ta zo ta sunkuya ta dubi tayar gaba, ta dube ni, ta girgiza kai, ta koma ga sharar ta.

Kakkarwar nan ABS ne ke aikinsa, yana kamawa yana saki sau da yawa a daƙiƙa guda don kada taya ta kulle. Abin da ake so shi ne ka danne birkin da ƙarfi, ka bar shi a danne, idonka na kan inda kake son zuwa. Tsohuwar dabarar famfa birki ta motocin da ba su da ABS ce. Abin da tsohuwa ta gani kuwa, tayoyin rani ne a jikin motar, yayan nawa bai kai ga sauya su ba.

Taya ita ce maganar. Robar taya ta yau da kullum takan fara taurare da zarar awo ya sauka ƙasa da digiri 7, a tsananin sanyi kuma ta koma kamar busasshiyar fata. Tayar hunturu an haɗa ta da robar da ke zama da taushi, aka kuma yi mata dubban ƴan tsage-tsage sirara masu buɗewa su ciji ƙasa. Abin mamaki, so ake dusar ta cika ramukan tayar, domin dusa da dusa sun fi kama juna fiye da dusa da roba. Alamarta a gefe take: dutse mai kai uku da furen ƙanƙara a cikinsa. A Kebek doka ce tun 2008, kuma yanzu wa'adin daga 1 ga Disamba ne zuwa 15 ga Maris. Faransa ta kawo tata dokar a 2021 don yankunan duwatsu, daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris, ko tayar hunturu ko sarƙa a cikin mota. In za a ba ni zaɓi tsakanin tsohuwar Corolla mai tayoyin hunturu da motar Alhaji mai tayoyin rani, a watan Janairun can, ba zan ko waiwayi ta Alhaji ba.

Ga inda ilimin yashi ke cin amanar mai shi. A yashi muna sace iskar taya don ta baje, muna son taya mai faɗi, muna riƙe wuta kada mota ta nutse, kuma da ka ɗage ƙafa yashin da kansa zai tsayar da kai. A kan titin ƙanƙara ba a sace iska, sai ma dai a riƙa ƙarawa, don duk saukar digiri 10 na rage wajen 0.1 na bar, wato ma'aunin iskar taya. Siririyar taya ta fi, saboda tana yanka ta tarar da ƙasa, shi ya sa masu manyan motoci kan ajiye faffaɗan tayoyinsu na ado su sa ƙanana da hunturu. Kuma ba abin da zai tsayar da kai in ka ɗage ƙafa. In ana neman abin da ya fi kama da ita a ƙasarmu, to taɓon jar ƙasa ne bayan ruwan Agusta, shi ma ɗin ƙanensa ne.

Birkin haibirid na da nasa sirrin. In ka taka a hankali, yawanci ba takalmin birki ne ke rage gudu ba, injinan lantarki ne ke juyewa su zama janareto, suna jan mota baya suna cajin babban batir. In taya ta sulɓe, kwamfuta sai ta yanke wannan ta miƙa aikin ga birkin mai da ABS. A ɗan tsakanin nan, wanda bai kai ƙiftawar ido biyu ba, direba kan ji kamar motar ta kuɓuce gaba. Ba sabon zance ba ne: a Fabrairun 2010 Toyota ta kira motoci sama da 400,000, yawancinsu Prius, don gyara manhajar birki saboda irin wannan ji a kan hanya mai santsi ko gargada. Maganinsa a hannun direba shi ne ya ci gaba da dannawa. Sannan batir mai sanyi ba ya karɓar caji sosai, don haka birkin safiya ba lallai ya yi daidai da na rana ba. Giyar B ta RX 400h, mai riƙe mota da inji a gangara, ita ma a yi kaffa-kaffa da ita a kan gilashin ƙanƙara.

Sai maganar mai, wadda ita ce ke ɓata wa masu haibirid rai. An sayi motar ne don inji ya riƙa mutuwa a danja da cunkoso, lantarki ya ja. To amma ɗumin cikin mota daga zafin inji ake samunsa. In ka kunna na'urar ɗumama ɗaki, kwamfuta za ta tayar da inji ko da batir cike yake, don kawai ta dafa ruwa. Ga batir da sanyi ya rage wa kuzari, ga man inji ya yi kauri, ga dusa na riƙe taya. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce a zirga-zirgar cikin gari, a sanyin digiri 7 ƙasa da sifili, nisan da lita ke kai motar fetur zalla na raguwa da wajen kashi 15 cikin 100, na haibirid kuwa da kashi 30 zuwa 34. Duk da haka tana iya fin takwararta ta fetur tattali, tazarar ce dai ke tsukewa. A RX 450h an sa wata dabara ta ɗebo zafin hayaƙin salansa a ɗumama ruwan inji da wuri. Masu wayo kuma kan kunna ɗumin kujera su rage na ɗaki.

Wani abin da ke ba baƙo mamaki: ba babban batir ne ke hana motar tashi da asuba ba, ƙaramin ne, mai bolt 12 irin na kowace mota. Shi ne ke tayar da kwamfuta. In sanyi ya kashe shi, kalmar READY mai nuna mota ta shirya tafiya ba za ta fito a allo ba, ko da babban cike yake fal.

Akwai kuma haɗari ɗaya da nake roƙon duk mai ɗa a can ya faɗa masa. In dusa ta rufe mota, a fara tone bakin salansa kafin a kunna ta. Hayaƙin da ya rasa hanya ciki yake komowa, iskar da ke kisa a cikinsa kuwa ba ta da wari ba ta da launi. Haibirid ta fi haɗari a nan, don kana iya barin ta a kunne a gareji tana shiru ka ɗauka a kashe take, can cikin dare inji ya tashi da kansa. Sauran ƙananan abubuwa kowa zai koya a makon farko: ba a zuba ruwan famfo a lagireto ko a tulun wanke gilashi, don in ya daskare kumbura yake ya fasa, na'urar hangen gaba da ke bayan tambari na makancewa in caɓi ya rufe ta, fitilun zamani kuma ba su da zafin narkar da abin da ya manne musu.

To mu da ke Damagaram, me wannan hunturu ya bar mana a jikin mota? Gishiri. Kanada na watsa kimanin tan miliyan 5 a hanyoyinta kowace shekara. Mu da kakanninmu suka riƙa jiran ayarin raƙuma ya kawo kantu daga Bilma, ga wasu na zubar da shi a titi da manyan motoci. Ruwan gishirin nan na shiga kowane lungu na ƙarƙashin mota, ya ci bututun man birki, ya ci ƙarafan da ke riƙe da tayoyin baya, ya ci salansa. Saman mota na iya ƙyalli kamar amarya, ƙasanta kuwa ya zama ƙanzo. Wani dillali ya taɓa nuna mini wata da aka fesa wa baƙin fenti a ƙasa, ɗanye shar, yana rantsuwa daga kamfani take haka. Na sa sukuddireba na ɗan soka, ta shige kamar a ƙosai.

Shi ya sa na ce wa Alhaji, ranka ya daɗe, kafin a yi maganar Tanut a kai ta kan rami. Washegari muka je. Bakanike ya shiga da tocila, ya ƙwanƙwasa nan ya ƙwanƙwasa can, ya ce ƙashin bayanta lafiya lau, amma bututun birki na baya sun yi tsatsa, sai an sauya. Na nuna wa direban ƴan ramukan iska da ke ƙarƙashin kujerar baya, inda babban batir ke shaƙar iskar da ke sanyaya shi. Sanyin Kanada rage masa ƙarfi kawai yake na ɗan lokaci, zafin Afrilunmu da ya haura 40 da ƙurar hunturunmu su ne ke tsufar da shi. Na ce kada ya kuskura ya toshe ramukan da darduma ko buhu, kuma a riƙa share fankar.

Muna shirin tafiya sai yaron faci da ke gefen garejin ya kira mu. "Alhaji, zo ka ga zanen da ke tayarka." Dutse ne mai kai uku, da furen ƙanƙara a ciki, a duk tayoyin huɗu. Kusa da shi ga lamba 4118, wato mako na 41 na shekarar 2018. Da tayoyin hunturunta aka loda ta a jirgi. Robar da aka yi don ta zauna da taushi a ƙasa da sifili, in ta hau kwaltar Yamai da tsakar rana, laushi take ƙarawa, ta cinye da wuri, birki kuma ya yi nisa. Alhaji ya yi shiru, ya tambayi kuɗin sababbi huɗu, aka faɗa masa, ya sake yin shiru. A ƙarshe dai ya aika Kano. Direban kuwa ya ce shi zai jira Agusta, ya gwada SNOW ɗin a taɓon hanyar gonar Alhaji da ke bayan Mirriya.